Ƙanƙarar Watan Yuli

Khaula ta iso ƙolin dutsen nan na Siwizalan cikin jibgegiyar rigar sanyi, gumi na keto mata. Ko ɗigon ƙanƙara babu. Ciyawa ce koriya shar, shanu na kiwo kamar a bayan Bwari ta Abuja.

Kwana da kwanaki mijinta Fatihu yana turo hotunansa daga nan, tsundum cikin ƙanƙara, wai taron ofis. Ita kuwa ta baro Maitama a ɓoye don ta ba shi mamaki.

"Sai Disamba ake wasan zamiya kan ƙanƙara a nan," in ji mai sayar da tikiti.

Ashe tsofaffin hotuna ne. To yana wurin wa? Ta kira shi a waya.

"Abban Zulai, ya sanyi?"

"Ke dai bari, ƙanƙara har gwiwa."

Za ta ƙaryata shi ke nan, sai ta jiyo muryar mace kusa da shi, da Hausar 'yan Abuja.

"Oga, kashe waya, likita yana jira a ɗakin tiyata. Madam bai zo ba?"

Ya toshe wayar da hannu, amma ta ji shi.

"Ba ta sani ba. Tana gida, nan Maitama. In abin ya ƙi, ku kira ta, yanzu za ta iso."