Mai Guduma da Batirin da Ya Lotse

Ciniki ya ja baya a shagon gyaran keke na Mai Guduma. Masu kai saƙo, waɗanda da su ne ke cika masa benci da faci da gyaran birki, sun fara komawa keken lantarki, kuma ba wanda ke kawo masa irinsa gyara. Laƙabinsa kuwa a bakin aiki ya samo shi: duk garen keken da ya lanƙwashe, in ya ɗora a kan gungume ya ba shi guduma, sai ya miƙe sak. Da hannayen nan biyu yake ci da iyalinsa, ba shi da wata sana'a.

Mutum ne mai zargi. Ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya shafa aljihu. Don haka da ƙanensa, wanda shi ma kai saƙo yake yi, ya ce su je baje kolin kekuna su ga na lantarki, sai ya taɓe baki.

"Baje koli ko baje ƙarya? To mu je, in ga abin da ke kashe mini kasuwa."

Zauren ya cika da rumfuna, kekuna na ta ƙyalli a ƙarƙashin fitilu. Mai Guduma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da farce, yana leƙa ƙarƙashinsu. Aka ba shi hular kwano ya hau wani a filin gwaji. Yana taka feda keken ya ɗauke shi kamar an turo shi ta baya, har murmushi ya kuɓuce masa. Da ya sauka sai ya gimtse fuska, kada a ga ya yaba a tsawwala kuɗi.

Suna nan tsaye wani mai gwaji ya faɗi, keken ya daki ƙarfen shinge. Mutumin bai ji ciwo ba, amma batirin ya lotse a gefe guda. Nan da nan mai rumfar da keken ya fito, wata matashiya mai gilashi, ta sa safar hannu ta cire shi, ta tsoma a bokitin yashi, ta sa aka kai bayan zaure.

Idon Mai Guduma ya bi bokitin. Ga damar buɗe cikin abin nan ya koyi gyaransa kafin kowa.

"'Yata, sayar mini da wancan."

"Baba, ba na sayarwa ba ne. Batiri in ya lotse, cikinsa ya ji rauni. Yana iya kamawa da wuta ko ba a taɓa shi ba. Ba a buɗe shi, ba a buga shi."

Ya jawo ƙanensa gefe. "Ka ji dabara? So suke kowa ya riƙa komawa wurinsu, mu masu gyara mu mutu da yunwa. Gobe za su shafe shi su sayar a sabo."

"Yaya, ni fa na ga hannunta na rawa lokacin da take cire shi."

"Kai yaro ne. Har rawar hannun koya musu ake yi."

Ya zagaya bayan zaure, ya sami wani ɗan dako mai kwashe kwalaye. Ba su daɗe suna magana ba, ya damƙa wa ɗan dakon 'yan kuɗi, batirin ya bar yashi ya shiga buhu. Abin haushi, mutumin da ya zargi mai gaya masa gaskiya bai ko ɗaga ido ya zargi wanda ya miƙo masa kayan da ba nasa ba.

Washegari da hantsi ya ɗora batirin a kan gungume. Shagon cike yake da tayoyi da roba da gwangwanin gam, ga kekunan mutane jingine a bango. Murfin ya ƙi buɗuwa saboda lotsawar. Ya ji gefen da ɗan ɗumi, amma ya ce zafin rana ne. A saninsa, abin da ya lotse miƙar da shi ake yi. Ya dafe shi da hagu, ya ɗaga guduma.

A bugu na biyu batirin ya yi tsaki, farin hayaƙi ya feso, wuta ta biyo baya da ƙarfi. Ya watsa ruwan da yake gwada faci da shi, ta ƙi mutuwa. Ta kama gam, ta kama tayoyi. Maƙwabta ne suka jawo shi waje, kafin motar kashe gobara ta iso shagon ya zama toka har da kekunan jama'a.

A asibiti, ƙanensa ya same shi hannaye biyu naɗe da bandeji, matarsa na ba shi ruwa a baki da cokali. Likita ya ce yatsun hagu ba za su ƙara riƙe sifana ba.

"Yaya, sannu."

Mai Guduma ya daɗe yana kallon hannayensa, hawaye na bin gemunsa.

"Yarinyar nan ta gaya mini," in ji shi. "Har Baba ta kira ni."

Jama'a, sanin tsohon aiki ba shi ne sanin sabo ba, kuma ba kowane gargaɗi ne dabarar ciniki ba. Batirin da ya lotse, ya kumbura ko yake zafi, kada a buga shi, kada a buɗe shi, kada a sa shi caji. A nisanta shi da mutane, a mayar wa waɗanda suka san kansa.