Mahauci da Ƙashin Saniya

Tunda ka ce aikin nan kai kaɗai za ka yi shi, bari in ba ka misali da wani mahauci.

Bijimi ne ya tsinke igiya a kwata, ya matse shi da bango, ƙashin ƙwaurinsa ya ragargaje. Da aka tsince ɓaraguzan a asibiti, sai ga giɓi tsakanin ƙashi da ƙashi, har yatsu uku za su iya shigewa. Irin wannan karaya ba ta jin ɗori, don baki bai taɓa baki ba. Likitar da ke duba shi ta zuƙo ɓargo daga ƙugunsa, domin a cikin ɓargo akwai ƙwayoyin halitta masu rikiɗa su zama ƙashi. Ta zuba su a giɓin, suka rasa abin kamawa, suka watse. Damina ta wuce yana kwance, wani ya gaje teburinsa a kasuwa, dangi suka fara raɗe-raɗin a yanke ƙafar a huta.

Sai likita ta zo masa da wani farin guntu, sakayau, duk ƙofofi kamar saƙar zuma. Ta ce ƙashin saniya ne, an wanke shi da magunguna har babu sauran jini, babu kitse, babu ƙwayar saniya ko ɗaya da jikinsa zai yi faɗa da ita, ƙirar kawai ta rage. Mahauci ya ƙura wa abin ido, ya ce, "Likita, wannan fa shi nake jefa wa karnuka." Ta ce, "Shi kaɗai matacce ne, ba zai ɗauke ka ba. Ɓargonka ma ka ga yadda ya ƙare shi kaɗai. Haɗa su za mu yi." Ya dubi ƙafar, ya ce a yi. Aka jiƙa guntun da ɓargonsa, aka dasa. Ƙwayoyin suka sami ɗakuna suka zauna, jijiyoyin jini suka ratsa, jiki ya riƙa cinye na saniya a hankali yana aza nasa a gurbin. Ya tashi da sanda biyu, ya koma ɗaya. Da babbar salla ta zagayo, da ƙafarsa ya taka har kwata, ya kayar da rago ya danne shi da gwiwa.

Hausawa dai sun riga sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.