Rijiyar da Ta Bi Amarya

Gyara zama ki ji, ke da aka yi wa dariya sau ɗaya a wurin aiki kika dawo kina kumbure-kumbure. An yi wani gari a gindin dutse da wata cuta ta addaba. Tafin hannu da na ƙafa su yi kanta kamar bayan kada, baƙaƙen tabo su feso a ƙirji, a kwana a tashi ɗaya ya fashe ya zama gyambon da ba ya jin magani. A asibiti aka ce ciwon daji ne na fata, a gari aka ce jifa ne. Sai aka turo wata mata daga birni, irin masu bin sawun cuta har su gano mafitarta. Ba ta zo da allura ba, ba ta zo da ƙwaya ba. Gida-gida take shiga, ta tuɓe takalmi, ta zauna a tabarma, ta kama hannun mutum ta juya shi: me kake ci, me kake shafawa, ina kake wuni, ruwan ina kake sha? Mata suka raɗa mata Likitar Tambaya. "Hajiya, yau kuma me ya rage? Sunan akuyarmu?" Ta ce wannan ma in da hali a faɗa mata. Rani ya fita, damina ta shiga, tana nan tana yawo har takalminta ya cinye. Da ta haɗa kan abin da ta ji, sai ta ga cutar ta tare a unguwar tudu, ta ƙyale unguwar gangare. Rana ɗaya ke dukansu, dawa ɗaya suke ci, rijiya kaɗai ta raba su. Ta tudu kuwa mai zurfi ce, ga sanyi ga garɗi, kakan mai unguwa ne ya haƙa ta, kuma da ita garin yake taƙama. Likitar ta je majalisar mai unguwa ta durƙusa ta roƙi a rufe rijiyar saboda yaran da hannunsu bai fara ba. Mai unguwa ya ce yana da 'yar da ya aurar can wata ƙasa shekara da shekaru, kuma hannunta ya fi na kowa lalacewa. "Ko rijiyar ce ta bi ta gidan miji?" Majalisa ta kwashe da dariya.

Da wata ce, da ta naɗe kayanta. Ita ko fushi ba ta yi ba, sai ta tambayi hanyar garin da aka kai 'yar. Ta shiga motar kasuwa, ta sauka ta hau acaɓa, ta ƙarasa da ƙafa. A bakin garin ta yi alwala, ta ji ruwansu zartsi ne, ko kurkure baki da ƙyar. Ta sami matar, ta duba hannunta, ta duba na mijin ta ga lafiya lau, ta yi tambayoyinta tiryan-tiryan, babu inda ta kama bakin zare. Da za ta tashi aka kawo mata ruwa a moɗa. Kurɓa ɗaya ta ji sanyi da garɗi, ta sauke moɗar ta ce wannan fa daga ina? Matar ta ce, "Ruwan gida ne. A garinmu ba a barin 'ya ta sha ruwan baƙunta. Duk ranar kasuwa Inna take aiko min da jarka tun ina amarya. Ko maigida ba na ba shi, ke ma don baƙuwa ce." Likitar ta ɗura ruwan a kwalba ta kai birni, ta haɗa da na rijiyar, aka auna, aka sami guba iri ɗaya, wadda ke tsatsowa daga dutsen ƙasa, ba launi ba wari. Ta koma majalisar nan, ta durƙusa inda ta durƙusa a da, ta ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka. Rijiyar ta bi ta, a bayan motar kasuwa." Ba wanda ya yi dariya. Tsohon ya buɗe tafin hannunsa ya duba, ya sa aka kawo masa jikarsa da ake goyo, ya buɗe nata. Shi da kansa ya yanke igiyar guga, aka zuba siminti a bakin rijiyar kakansa, matan tudu suka riƙa gangarawa da tulu suna mita. 'Yar tasa an makara, Allah ya yi mata rasuwa. Amma jikar, ranar da aka sa mata lalle za ta gidan miji, hannunta sumul yake, kuma ba a bi ta da jarka ba.

To, tashi ki sa takalminki ki koma. Dariya ba ta fasa fata. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: matambayi ba ya ɓata.