Baba a Bayan Jar Igiya

"Don Allah, ba ku ga wani dattijo mai farar hula ba?"

Ɗaki bayan ɗaki take tambaya, kowa sai ya girgiza kai. Ita ta nace a kawo Baba wannan gidan baje kolin zane-zanen zamani, domin tsohuwar masaƙar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ciki ce aka gyara. Ta ɗauka ganin wurin zai rage masa mantuwar tsufa. Tana juyawa ta amsa waya, ya ɓace.

A babban zaure ta tarar da cincirindo, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Ga Baba tsaye a bayan jar igiyar da ke raba 'yan kallo da abin kallo, hannuwansa na kai da komo cikin iska, yana ƙulla zare a injin da babu shi.

Ta kama igiyar za ta tsallaka, mai gadi ya tare ta.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa, ba a katse mai wasa."

"Wane wasa? Mahaifina ne!"

Mai gadi ya juya. "Baba, 'yarka ce?"

Baba ya ƙare mata kallo.

"'Yata tana goye a gida. Fitar da ita, aiki muke."

Sai zauren ya ɗauki tafi.