Dodo Mai Kai Tara

"Kai tara kuma? Auta, satin jiya fa bakwai ne!" Dogo, abokin Yaya, ya buga tebur.

Na sunkuyar da kai. A wasanmu ni ce mai ƙirƙirar dodo. Ni ke zana shi, in rubuta ƙarfinsa da yawan ransa. Yaya da abokansa kuwa kowa da takardar jaruminsa, su jefa ƙwaya irin ta ludo su kai wa dodon sara.

Ha'inci nake yi, na sani. Ranar da likita ya ce mu koma gida da Yaya, babu sauran abin yi, dariya ya yi ya ce, "Ba inda za ni sai na kashe dodon Auta." Ni ba ni da magani, fensir kawai gare ni. Duk sati sai in ƙara wa dodon kai, in ƙara masa sulke.

Yau Yaya ya kasa ɗaga ƙwayar.

"Jefa min," ya ce, ya turo takardarsa.

Ban taɓa riƙe ta ba. Gurbin ƙarfin jaruminsa ya sha gogewa har ya kusa hujewa. Casa'in ya koma sittin, sittin ya koma goma.

"Yaya, wa ya rage maka?"

"Ni. In na kashe shi, ɗaki za ki koma ki kulle. A teburin nan kaɗai nake jin muryarki."

Ya juya ga Dogo.

"Bayana, kada wanda ya kashe mata dodon nan."