Ƙafar da Ke Rufe Rami

Ka ce tun da ciwo ya taɓa ka ba ka da sauran amfani. To, gyara zama ka ji.

Wani manomi ne ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, ƙashin kwatangwalonsa ya karye. Maɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya kama, amma ƙafar hagu ta gajarce, sai dai ya ja ta. In hadari ya haɗu kwatangwalo ya hau zogi, in ya daɗe a tsaye ma haka. Duk wannan bai dame shi kamar sungumi ba. Ka san mai saran shuka da takunsa yake awo: taku ɗaya, rami ɗaya. Shi kuwa yanzu taku ɗaya dogo, ɗaya gajere, ramuka suka fito wasu a cunkushe, wasu a warwatse. Damina biyu gero na tashi a matse, zangarniya kamar ɗan yatsa. 'Yan'uwansa suka fara cewa ya bar musu gonar su noma, shi ya huta. Maganar nan ta fi karayar yi masa ciwo, don mahaifinsa ne ya sare dajin da hannunsa.

Da ruwan shuka na damina ta uku ya sauka, ya fita da taurin kansa, matarsa na biye da ƙwaryar iri. Ta dubi layin farko, ta dube shi, ta miƙa masa ƙwaryar. "Malam, ba ni sungumin nan. Ni ƙafafuna daidai suke." Ya tsaya yana huci, don a ganinsa bin baya da iri aikin mata ne da yara. Amma laima ba ta jiran mai fushi, dole ya karɓa. Ta yi gaba tana sara, yana jefa iri. Ashe ƙafar nan da yake ja ita ke kwaso ƙasa ta rufe rami, ba sai ya tsaya turawa da diddige ba. Kafin azahar har ya fara yi mata tsiya, wai ta ƙara sauri kar ya take mata dunduniya. Ciwon bai tafi ba, har yau da sanda yake zuwa masallaci. Amma gonar na hannunsa, ransa kuma fes.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.