Filtar Shagon Ɗansa

Wani tsoho yana juya filtar man inji a shagon kayan mota na ɗansa. Sunan shagon ne a jikinta, amma masana'antar da tsohon ya yi wa aiki ce ke ƙera musu ita. Kwanan nan aka sallame shi, wai wani babban kwastoma ya janye cinikinsa.

"Baba, daina damuwa," in ji ɗan. "Wanda ya jawo maka wannan, Allah ya saka maka."

Tsohon ya shafa bakin filtar da yatsa. Naɗin bakin nan ba aikin injin masana'antarsu ba ne.

"Yaushe ka canza masana'anta?"

Ɗan ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya ajiye filtar a hankali, ya ce, "Amin."